Ɗakin Inna a Cikin Waya

Shekara goma sha shida ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kiru, kuma babu shekarar da ban tsaya gaban aji na zagi fim mai dogon zango ba. Cewa nake shirme ne, aikin marasa aikin yi. A ɗakin malamai ma an san ni da wannan wa'azi, har in na shigo sai ka ga ana rage muryar waya. Ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi.

Sai ƙanena da ke aiki a Legas ya yi rajistar irin manhajar nan ta kallon finafinai, ya turo lambar sirri a guruf ɗin gidanmu. Manhajar ta ba da wuri biyar, autarmu ta sa musu suna ɗakuna. Ɗaya na mai biya, ɗaya na ƙanwata da ke aure a Tudun Wada, ɗaya na ƙaninmu na Doguwa, ɗaya nawa, na biyar na Inna, mahaifiyarmu, da ke zaune a Dangora tare da autar. Ɗakunan babu ƙyaure, kowa na iya leƙa na kowa ya ga abin da ake kallo. Don haka na cika nawa da shirin namun daji da na yaƙe-yaƙen duniya. Akwai wani a kan kifayen teku da na kunna sau uku, ban taɓa wuce minti goma ba.

Ni ne ɗan fari. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. Haka ta taso ta ga ana yi wa ɗan fari kunya, haka ta riƙe. Ina tsugune a gabanta za ta ce wa autar ta tambayi "malaminku" ko ya ci abinci.

Wata Juma'a na je gaishe ta, na tarar tana kallon wani fim na ƙasar waje da aka fassara, labarin wata mata da aka raba da ɗanta tun yana jariri. Na ɗaure fuska yadda ya dace da malamin tarihi, ina satar kallo ta gefen ido. Kashin fim ɗin na ranar ya ƙare daidai an tura matar kurkuku. Na hau acaɓa na koma Kiru, matar nan tana zaune daram a cikin kaina.

Washegari ina gonata ta rani kusa da Tiga. Na kunna injin ban ruwa, na zauna gindin mangwaro, na yi lissafi irin na masu ilimi: in na kalla a ɗakina za a gani, amma Inna ai dama tana kallo, wa zai lura? Har na yaba wa kaina wannan dabara. Na shiga ɗakinta da niyyar kashi ɗaya, na kalli shida. Ruwa ya cika fagen albasa ya malala gonar maƙwabcina. Da ya zo yi mini ƙorafi ya tarar ina share hawaye, na ce masa hayaƙin inji ne.

Abin da ban sani ba, manhajar tana riƙe inda aka tsaya, tana kuma jan layi ja a ƙarƙashin duk kashin da aka kalla. Inna kashi ɗaya take kallo a rana, bayan azahar. Sai ta buɗe ta tarar matar da ta bari a kurkuku jiya yau tana cikin mota da wani mutum da ba ta taɓa gani ba.

Autar ta tambaya a guruf, wa ke shiga ɗakin Inna? Na Legas ya rantse, na Tudun Wada suka rantse, na Doguwa suka rantse. Ni kuwa na rubuta saƙo mafi tsawo a tarihin guruf ɗin. Na yi magana a kan amana, a kan girmama iyaye, na ce duk wanda ya kasa kame kansa daga irin wannan shirme ya ji kunya. Aka yi ta turo mini hannun jinjina. Na kame kaina kwana huɗu cur. A na biyar na koma, sai dai yanzu in na gama nakan mayar mata daidai inda ta tsaya. Jan layin ne bai san wayo ba, yana nan inda yake.

Bayan mako uku na sake zuwa Dangora. Ina shiga na ga makullin ɗakin hatsi rataye a ƙusa. Tun ina yaro makullin nan yana ɗaure a bakin zanin Inna. Ita ke fitar da awo, ita ta san buhu nawa na masara ya rage da wanda aka ware na iri, ko mahaifinmu bai taɓa buɗe ɗakin ba sai da ita.

Autar ta ja ni zaure ta faɗa mini. Tun da kowa ya musa, har babban yaya ya yi faɗa, ba a sake zargin kowa ba. Ita kanta ta nuna wa Inna jan layin, ta ce ga shi nan waya ta nuna kin kalla. Inna ta ce haka kakarmu ta fara. Na tuna kakar. A ƙarshen rayuwarta takan ci tuwo ta ce ba a ba ta ba, takan tsaya bakin ƙofa tana jiran mijinta da ya rasu shekara ashirin. Inna ce ta yi jinyarta har ƙarshe. Shi ne ta kwance makullin ta ba autar, ta ce gara ta bayar tun tana gane abin da take bayarwa. Fim ɗin ma ta daina kallo.

Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya. Amma in faɗi gaskiya, a zauren nan sai da na tsaya neman wata hanya. Na yi tunanin in ce manhajar ce ta lalace. Har na shirya bayanin da turancinsa.

Na shiga na tsuguna. Inna na zaune a tabarma ta juya fuska ga bango kamar kullum, tana jan carbi. Tunda ba ma magana kai tsaye, sai na fuskanci autar. Na ce ni ne. Na ce tun daga kurkuku har zuwa inda aka kai, ni ke shiga ɗakin. Autar ta buɗe baki ta kasa rufewa.

Carbin ya tsaya.

"Ki tambaye shi," in ji Inna, "duka shi ne? Babu ko ɗaya da na kalla na manta?"

Na ce babu ko ɗaya.

"Ki ce masa kwana goma sha tara ke nan, kowace safiya in na idar da salla sai na jera sunayen jikokina daga babba zuwa ƙarami, in ga ko wani ya ɓace mini. Ranar Talata na tsaya a kan 'yarsa ta biyu, sunan bai zo da wuri ba. Ranar ban iya cin abinci ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da ya fi mini sauƙi. Na ba da haƙuri ta bakin autar, hawaye na zuba, wannan karon babu inji a kusa da zan ɗora wa.

Inna ba ta ce ta yafe ba a ranar, sai da aka kwana biyu ta aiko da saƙon. Abin da ta yi kawai, ta miƙa hannu wajen ƙusa ba tare da ta juyo ba. Autar ta ciro makullin ta sa mata a tafi. Ina tsugune ina kallo ta ɗaure shi a bakin zani, ta ƙulla sau biyu, ta ja ta ji ya kama.