Rabin Askin Baba Habila

Duk yaron da ya tashi a Gyadi-Gyadi, da wuya a ce bai taɓa sunkuyar da kai a hannun Baba Habila mai aski ba. Daga Kafanchan ya zo Kano yana saurayi, da jaka ɗaya da almakashi, ya kama wani ɗan shago a bakin layi. A nan ya yi aure, a nan matarsa Rahila ta yi ta koyarwa a firamare har ta yi ritaya, a nan furfura ta same shi. Gajere ne mai tumbi, ba ya faɗa da kowa, amma fa Allah ya hore masa surutu. Mutum zai shigo gyaran gemu ya fita da tarihin Kafanchan kaf.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Kabiru, ɗan maƙwabciyarsu Maimuna. Uban yaron direban adaidaita ne, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Kabiru yana shekara goma sha shida ya faɗa shan ƙwaya, ya daina zuwa makaranta, ya tara suma, in ya hango shagon sai ya canza layi. Maimuna ta zo har gida tana share hawaye da gefen hijabi.

"Malam Habila, kai yake jin kunya. Ka yi masa magana."

"Maman Kabiru, ai sai na kama shi tukuna."

Kafin ya kama shi, sai ya fara da abokansa. Ya gwada yi musu nasiha a kan benci, suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan an aike shi, wancan ana kiransa a waya. Shi ne ya ɓullo da wata dabara. Yaro zai zauna, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya aske masa gefe guda tas, sannan ya kashe kilifa ya jawo kujera ya zauna.

"Baba, wuta aka ɗauke?"

"Wuta tana nan. Ni ne na ɗauke. Me ka sani game da hanta?"

To ina yaro zai je da rabin kai? Haka zai zauna ya ji yadda giya take cinye hanta, yadda tiramol yake kayar da ƙato yana farfaɗiya a tsakiyar titi, yadda kodin yake mayar da mai wayo dolo. Sai yaron ya maimaita karatun babu gyara sannan a ƙarasa masa askin. Iyaye suka ji daɗi, har daga Darmanawa da Babban Giji ake turo yara.

Amma yaran yanzu ba su da ta ido. Wata rana wani fitsararre ya gaji, ya kwance ƙyallen ya fice da rabin kansa, ya ɗauki hoto ya watsa a waya. Kafin sati biyu abin ya zama yayi. Samari suka riƙa yin layi suna cewa a yi musu rabin nan, da ya kashe kilifa sai su miƙe su yi godiya su kama gabansu. Har a shagunan Tarauni ana cewa "a yi min Habila". Takaici ya hana shi cin tuwo kwana biyu, Rahila kuwa dariya ta yi ta yi har da riƙe ciki.

Yayin nan ne ya kawo masa Kabiru. Wata Asabar bayan la'asar sai ga shi ya shigo, ido jajir, magana tana jan ƙafa.

"Baba, a yi min rabin nan."

Baba Habila ya san in ya yi masa, tashi zai yi ya tafi kamar sauran. Sai ya cire hularsa ya zauna a kujerar askin da kansa, ya miƙa wa yaron kilifa.

"Zan yi maka. Amma gobe Lahadi, ni ma ina son aski. Fara yi min."

Kabiru ya yi dariya ya karɓa. Ya ɗora kilifa a ƙeya, ta zame ta haura tsakiyar kai. Ya dawo da ita, ta yi kwana ta nufi kunne. Cikin minti uku kan dattijon ya koma kamar gonar da awaki suka shiga.

"Daina kallon kaina," in ji Baba Habila ta cikin madubi. "Kalli hannunka."

Kabiru ya kalla. Hannun rawa yake yi, kar-kar-kar. Ya sa ɗayan ya riƙe, duka biyun suka kama rawa. Dariyar ta ɗauke.

"Nawa ma ya taɓa yin haka," in ji Baba Habila. "Giya ce. Na taɓa ɗebe wa wani ango gefen kunne ana jibi ɗaurin aurensa. Kowa ya guje ni, shagon nan ƙuda kaɗai ke shigowa. Mutum ɗaya ne ya riƙa zuwa duk Juma'a da safe ya zauna a kujerar nan ya ba ni kansa, in ɓata, ya sa hula ya tafi masallaci. Wata bakwai yana yi, har na daina sha, hannun ya tsaya. Babanka ne."

Kabiru ya kashe kilifa. Hawaye suka riƙa zubo masa.

Baba Habila ya ce, "Litinin za mu je asibiti da mamanka. Kan nan nawa kuwa, duk Asabar naka ne, har ranar da za ka fitar min da layi a miƙe."

Abin da Baba Habila ya manta shi ne, a coci maza ba sa zama da hula. Rahila ta roƙe shi ya yi zamansa a gida, ya ce ina, shi bai yi sata ba. Da ya shiga coci ya cire hular, mawaƙa suka rasa baitin da suke kai, Rahila ta dulmiya fuska cikin littafin waƙa, shi kuwa ya zauna a bencin gaba yana amsa amin da ƙarfi.

Yanzu Asabar ta tara ke nan. Sau ɗaya Kabiru ya tsallake, Baba Habila ya rufe shago ya bi shi har filin ƙwallo da kilifa a aljihu. Kan dai har yau ba ya kalluwa sosai, amma kunnen hagu ya daina shan wahala. Shekaranjiya wani mai aski daga Tarauni ya ga kan, tausayi ya kama shi, ya ce ya zauna ya gyara masa kyauta.

Baba Habila ya shafa ƙeyarsa ya mayar da hula.

"Bar shi," in ji shi. "Kan nan da mai shi. Asabar zai zo."