Farin garin da ya shiga tsakanina da Kawu

A lokacin ni saurayi ne mai ji da kansa. Na dawo ƙauyenmu kusa da Belbeji bayan shekara huɗu ina aikin gona a Aljeriya, na tarar iyayena sun rasu, gida ba kowa sai tumaki bakwai da Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya riƙe mini. A can na koyi yadda ake tsirar da masara a faranti cikin ɗaki, kwana takwas ta zama ɗanyar ciyawa ko da tsakiyar rani. Na share ɗakin mahaifina, na jera farantai, na kafa sola, na sa fanka biyu a bango, ɗaya tana jawo iska ta cikin raga, ɗaya tana fitarwa. Na ƙara da ɗan injin da ake zuba wa ruwa yana busa hazo mai sanyi, don iskar ƙasarmu ta Damargu ko tsumma ka jiƙa, kafin ka juya ya bushe. Gari ya ɗauka wai ga mai yin damina a ɗaki. Kawu kaɗai bai yi mini dariya ba. Kullum da safe zai kawo jarkokin ruwa a kan jakinsa, mu zauna bakin ƙofa mu sha shayi.

Tun ranar farko ya ce mini ruwan rijiyarmu akwai kanwa, in leƙa cikin butar shayi in ga yadda ta yi fari. Na ce masa inji ba buta ba ne, ya bar wa masu ilimin abin. Ya yi murmushi ya ci gaba da kawo ruwa.

Bayan wata biyu na fara ganin wani farin gari mai laushi a kan fikafikan fanka, da ragar, da bakin farantai. In na goge yau, jibi ya dawo. Ba ƙurar waje ba ce, tamu ja ce. Na nuna wa wani maƙwabci, ya ja da baya yana salati, ya ce wannan barbaɗe ne, in tambayi kaina wa ke shiga ɗakin. To ban da ni, Kawu kaɗai ke shiga. Shaiɗan ya raya mini cewa haushi yake ji na karɓe tumakin da ya saba kiwo. Wata safiya, a gaban masu wucewa, na ce masa ya buɗe hannunsa in gani, kuma kada ya sake taka mini ɗaki. Dattijon ya buɗe tafukansa, ba komai sai kantar igiyar guga. Ya sauke mini jarkokin, ya kora jakinsa.

Daga nan na san kaɗaici. Ni ke jan ruwa, ni ke dafa shayi in sha ni ɗaya, har in kama kaina na wanke kofi biyu. Dangi suka janye, ni ma na ja ƙofa na sa kwaɗo, na toshe kowace kafa da tsumma. Farin garin kuwa sai ƙaruwa yake. Raga ta toshe, fanka ta koma gurnani, ɗaya ta tsaya, bayan mako ɗayar ta ƙone. Iska ta daina zagayawa, fumfuna ta rufe tsiron, na kwashe shi duka na zubar, tumakina suna kallona suna kuka.

Mai gyaran sola da na kira daga Damagaram ya kwance fankar, ya kankaro garin ya ɗanɗana, sai ya ce in miƙo masa butar shayina. Ya nuna mini farin da ke cikinta, iri ɗaya ne da garin. Ya ce hazon yana bushewa a iska ya bar kanwar ruwan, fanka ta zuƙe ta har cikin injinta. Maganin shi ne ruwan sama ko tataccen ruwa, da wanke raga a kai a kai.

Na je na durƙusa gaban Kawu. Ya ce ya yafe, ɗan 'yar'uwarsa ba ya laifi a wurinsa. Na sayi sabuwar fanka, na koma tataccen ruwa, tsiro ya dawo kore, amma shayin safe bai dawo ba. Masu irin wannan sana'a, ku fara binciken ruwanku kafin ku binciki mutanenku, kuma in tsoho ya ce ku leƙa buta, ku leƙa. Yau shekara uku ke nan. Duk ranar da Kawu ya zo gaishe ni, a ƙofar gida yake tsayawa, ya karkaɗe rigarsa, ya buɗe tafukansa biyu kafin ya miƙo mini hannu. Na sha roƙonsa ya daina, ya ce shi bai ma san yana yi ba.