Almakashin Selvam da Rigar Ajaratu

Selvam tela taurin kai gare shi, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Mutumin Indiya ne, mai bin addinin Hindu. Shagonsa na ƙarƙashin benen da nake zaune da 'yata Jemimah a unguwar Al Mirqab. Renon jika ya kawo ni, korona ta rufe hanya, ni da shi muka saba dole.

A bangon shagon akwai kalandar garinsu, wadda yake yage wa shafi kowace safiya. Tana nuna sa'a mai kyau da marar kyau. Kullum akwai wani ɗan lokaci da suke kira Rahu, ba a fara sabon aiki a cikinsa. Selvam zai ƙarasa ɗinkin jiya, amma ba zai sa almakashi a sabon yadi ba. Ko takunkuman fuska da ya riƙa ɗinka wa maƙwabta kyauta lokacin annoba sai sun jira Rahu ya wuce. Ni ban yarda da wannan ba, na kuma gaya masa. Ya ce, "Mama, zauna ki sha shayi."

Litinin ɗin da Ghana za ta kara da Koriya ta Kudu a gasar kofin duniya da aka yi a ƙasar nan, Ajaratu, 'yar Ghana daga zongon Kumasi mai share benenmu, ta shigo da sassafe riƙe da yadi ja da rawaya da kore. Tikiti ya samu, riga kawai ta rage. Selvam ya dubi bango, ya harɗe hannu, don ran Litinin da safe Rahu ke faɗowa.

"Yalla, yi sauri, Selvam, da la'asar za a buga," in ji ta.

"Yaya, in na yanka yanzu, rigar za ta lalace."

"In ba ka yanka ba, kai ne za ka lalace."

Bai motsa ba sai da Rahu ya fita. Daga nan ko ruwa bai kurɓa ba. Da azahar riga ta fito, ta zauna mata daidai. Ghana ta ci wasan.

Washegari 'yan zongo suka cika shagon, wai ya duba musu sa'ar wasan Uruguay. Ya ce bai san ƙwallo ba. Suka matsa, ya duba, ya ce yammacin Juma'a ba laifi. Aka ci Ghana, aka fitar da ita. Ajaratu ta daina gaishe shi, sai da ya rage mata tsawon siket kyauta suka shirya.

Har yau duk wanda ya shigo, roƙonsa ɗaya ne: "Kalandata ta almakashi ce, ba ta mai tsaron gida ba. Ku kawo yadi da wuri, kuma don Allah ban da Litinin da safe."