Kwanson da Dakta Hamisu Ya Bar Mana

Duk wanda ya taɓa zama da Dakta Hamisu a shagon shayi da abincin nan da ake kira mamak, na ƙasan gidanmu a Bukit Jalil ya san abin da yake yi kafin shayi ya iso. Zai zura hannu a aljihu ya fito da ɗan maganaɗisun da ya ɓamɓaro daga jikin firijin yayata, ya manna a cokali, ya manna a murfin kwalba, ya manna a agogon wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. In ya kama, sai ya taɓe baki ya ce, "Ƙarfen banza." In bai kama ba, sai ya gyara tabarau ya ce, "To, wannan a zauna a yi magana da shi." Kuna dariya kuna cewa halin malamin jami'a ne mai koyar da ilimin ƙarafa. Ni Nura, ƙanin matarsa, da na zauna gida ɗaya da shi, na san inda maganaɗisun nan ya fi aiki. Kun ce in faɗi alherinsa tunda yau an samu an taru. Zan faɗa, amma sai na fara sauke abin da ke raina. Mijin yaya abokin wasa ne, mutuwa kuma ba ta soke wannan ba.

Kwanson harsashi ya bar mana a ƙarƙashin gado. Wanda aka riga aka harba, saura ɓawon tagullar kawai, gwangwani bayan gwangwani, a ƙasar da in aka samu irin wannan a gidanka ba ka da lasin, sai dai iyayenka su ji labari. Shi ya tafi ya huta. Ya bar Yaya Rabi da 'ya'ya biyu, da bizar da ke rataye a jikin aikinsa, suna kwana a kan abin da zai iya kai ta gidan yari.

Asalin abin daga gida ne. Mahaifinsa maharbi ne a wajen Birnin Kudu, tsohon da ba ya yar da kwanso, sai ya sake ɗura shi ya koma daji. Da Dakta ya zo ƙasar nan sai ya gano wani kulob na masu harbi a bayan gari, inda ake ba ka aron bindiga, ka sayi harsashi a wurin, ka harbi takarda ka tafi. Dokarsu ɗaya ce: abin da ka samu a ciki, a ciki za ka bar shi, har da kwanson.

Sau ɗaya na raka shi, ban ƙara ba. Akwai wani dattijo ɗan ƙasa mai sayar da harsashin, Pak Mat. Kowa ya zo sai ya ce a ba shi kwali mai araha ya wuce. Dakta kuwa sai an sauko masa da na kowane kamfani. Ya bi su da maganaɗisu, wanda ya kama ya ture gefe. Na alminiyam ko kallo bai ishe shi ba. Sannan ya sa a kawo masa harbabben kowanne daga durom ɗin shara, ya kunna fitilar waya yana leƙa ciki.

"Nura, leƙa nan. Huda nawa ka gani a gindinsa?"

"Biyu."

"Yar da shi. Mai huda biyu wahala ce, ba ya ɗuruwa cikin daɗi. Mai huda ɗaya ake nema, tagulla mai kauri, bakinsa ba tsaga. Irin wannan ka ɗura ka sake ɗurawa, har jikanka ya gada."

Na ce, "Dakta, kana da bindiga?"

"Babu."

"Kana da injin ɗurin?"

"Sai na yi ritaya na koma gida na nemi lasin."

"To yanzu me ake ɗurawa?"

"Kai ɗan kasuwa ne, gobe ba ta dame ka ba."

Ya sayi mafi tsada, muka shiga. Wallahi ban taɓa ganin maharbi irin wannan ba. Da ya danna kunamar bindiga, kafin harsashi ya isa ko'ina, kansa ya riga ya juya dama yana bin kwanson da ido don ya ga inda zai faɗi. Aka jawo takardar da yake harbi, tas take kamar yau aka buga ta. Pak Mat ya ɗaga ta sama ya ce, "Dakta, wannan boleh, ana iya sake sayar wa wani, lah." Maimakon kunya, sai mutumin naku ya washe baki ya dube ni. "Ka gani? Ita ma ba ta lalace ba."

A ranar na lura yana yawan sunkuyawa ya ɗaure igiyar takalmi. Takalmin kuwa irin na zurawa ne, ba shi da igiya. Safarsa yake cikawa. Muna tafiya wajen mota yana takawa a hankali kamar mai ƙaya a ƙafa, ni kuma gumi yana keto min, don na ga maigadi yana kallonmu.

Wannan fa shi ne mutumin da ke wanke robar tapau, wadda ake ƙunso abincin saye a ciki, ya jera a kicin har ba wurin ajiye tukunya. Shi ne mai sayen shayi kofi ɗaya ya roƙi kofi na biyu wayam ya raba mana. Na'urar sanyin motarsa ta mutu tun ban zo ƙasar nan ba, a wannan zafin, ya ce Allah bai halicci taga don ado ba. Amma a kan harsashi hannunsa a buɗe yake kamar ango.

Yaya Rabi ba ta san yana kawo su gida ba, ni kuma ban faɗa mata ba, don na ɗauka 'yan ƙalilan ne. Sai korona ta zo, aka sa dokar kulle, aka rufe kulob, azumi ya kama. Tana da tsamiyar da ta taho da ita daga Kano, tana tattalinta kamar zinariya saboda kunun buɗa baki, ga shi an hana jirgi sauka balle a aiko da wata. Wata rana ta buɗe kabad, ba tsamiya. Ƙaramin yaronsu ne ya zo da Turancinsa yana murna, wai Baba yana dafa harsashi a banɗaki.

Muka tarar da shi tsugune gaban baho, ya jiƙa tsamiyar duka, kwanso cike a ciki, yana goge su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Ga gwangwanaye a jere a bayansa. Yayata ta dafa bango.

"Abban Ummi, mene ne wannan?"

"Tagulla ce ta yi duhu."

"Da tsamiyata? Ga ta ƙasar nan cike da kedai, kowane shago akwai?"

"Tasu da gishiri a ciki. Gishiri yana cin tagulla."

"Ka san dokar ƙasar nan kuwa? Ka san in aka shigo gidan nan ni da kai za a ɗaure? 'Ya'yan fa, wa zai riƙe su?"

"Wa zai shigo? Ai kulle ake." Ya ɗago ɗaya yana sheƙi ya nuna mata. "Dubi nan, Rabi. Ko 'yan kunnenki ba su kai shi ba."

Kwana da kwanaki ba ta yi masa magana ba. A ƙarshe ya rantse da an buɗe kulob zai mayar da su. Aka sassauta kulle, aka buɗe kulob, ya shirya ya tafi hannu rabbana. Da yamma ya dawo yana takun mai ƙaya a ƙafa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne takunkumi. Irin na takardar nan da ake sawa sau ɗaya a yar, shi wankewa yake ya shanya a baranda ya sake sawa. Na kawo masa kwali guda kyauta, ya ɓoye wai na baƙi ne, a lokacin da ba baƙon da zai iya zuwa. Na ce, "Dakta, wannan na fuskarka har ya zama rariya." Ya ɗaga shi ga hasken taga, ya jujjuya shi yadda yake wa kwanso, ya ce, "Ai bai tsage ba." Ban ce takunkumi ne ya kashe shi ba, ajali ne. Amma ina jin haushi har gobe, kuma ba wanda zai hana ni.

Shekara ta zagayo, cutar ta dawo da ƙarfi, ta kama shi. Motar asibiti ta tafi da shi, mu kuma aka ɗaura mana awarwaron roba aka ce kada mu fita. Da jikinsa ya yi tsanani, wata nas ta taimaka ta kira mu ta bidiyo daga wayarsa. Yaya Rabi ta jawo yara ta zauna, ta gyara ɗankwali. Ga shi nan da robar numfashi a fuska, ya rame, ido ya faɗa. Ya dube ta, ya dubi yara, ya ɗaga robar da ƙyar.

"Ina Nura?"

Ta miƙo min wayar. Na ɗauka amanar iyali zai ba ni, har na fara hawaye.

"Gwangwanayen biskit," in ji shi, yana haki, "na masu kauri ne. Na madara sai an sake dubawa. Kada ka haɗa su."

Tari ya sarƙe shi. Nas ta ce za ta kira anjima, ga wasu marasa lafiya suna jira. Yayata tana zaune da hannunta a miƙe tana jiran in mayar mata da wayar, allon ya yi baƙi. Ba a sake kira ba sai na sanarwa. Jana'izarsa a waya muka kalla, waɗansu mutane cikin farar leda da ba mu san ko fuskarsu ba suka sa shi a rami.

Da yawanku kun kira ta'aziyya kuna yabon haƙurin Yaya Rabi, wai ko kuka ba ta yi. Ba haƙuri ba ne, tsoro ne. Ma'aikatan lafiya sun ce za su iya zuwa feshi, mai gidan haya yana tambayar yaushe za a tashi, jami'a tana maganar biza. Ko mai kawo abinci ne ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ta zabura ta je ta zauna a kan gadon. Ɗakin shara akwai kyamara da masu share-share. Ni sana'ata aika kaya gida, na san ba abin da ke wucewa ba a haska shi ba. Na yi tunanin zuba su a tafkin Titiwangsa, na tuna an rufe wurin, baƙar fata da gwangwanaye a bakin ruwa kuma ba sai an kira 'yan sanda ba, da kansu za su zo.

Da aka cire mana awarwaro na nemo lambar Pak Mat a wayar marigayi. Na gaya masa rasuwa, na gaya masa sauran. Sannan ya ce, "Na daɗe da sanin takalminsa ba igiya. Kawo su gobe da safe. Amma in an tare ka a hanya, ban san ka ba."

Muka cusa tsofaffin safunansa a gwangwanayen don kada su yi ƙara. Ina da takardar izinin kai wa ɗalibai kayan abinci, sai na jera su a but ɗin mota, na danne da buhun shinkafa da garin kwaki, na ɗora bokitin daddawa a sama. A shingen fita gari ɗan sanda ya karɓi takarda, ya dube ni, ya ce in buɗe but. Ba addu'ar da ban karanta ba, har ta shiga banɗaki. Ya nuna bokitin da sanda ya ce mene ne. Na buɗe masa murfi gaba ɗaya. Bawan Allah ya ja da baya da takunkuminsa biyu, ya yi tari, ya ce wa abokinsa shi dai yau ya tabbata ba shi da korona, hancinsa ƙalau yake. Ya kaɗa min hannu in wuce.

Pak Mat yana jira a ƙofar baya. Ya ɗauki gwangwanin farko ya juye a durom ɗin da ake tara shara don masu sayen ƙarfe a kilo. Ya ɗauki na biyu. Tagullar nan mai sheƙi da ta cinye tsamiyar yayata tana gangarawa cikin tsatsa da guntun sigari. Ko ɗaya Dakta bai taɓa ɗurawa ba. Duk hanya zaginsa nake a zuci, amma da na ga an ɗaga na madara za a zuba a kan na biskit, sai na ji bakina ya ce, "Kada ka haɗa su." Dattijon ya tsaya, ya dube ni, ya dubi durom ɗin da shi kaɗai ne a wurin. Na kau da kai, ya juye.

Na dawo na tarar da Yaya Rabi a tsaye a falo, inda na bar ta.

"An rabu da su?"

"An rabu."

"Duka?"

"Duka, Yaya."

Ta shiga ɗaki ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado da kanta. Ta fito ta ce, "Tafi da yaran nan ƙasa ku sha iska. Ban yi wa mijina kuka ba tukuna." Ina jawo ƙofa na ji ta fara.

Allah Ya jiƙan Dakta Hamisu, Ya yafe masa taurin kansa. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma shekarun da na zauna a gidansa ko sau ɗaya bai nuna min ni baƙo ne ba. Ya Allah Ka haskaka kabarinsa a wannan ƙasar da ba tasa ba, Ka raya abin da ya bari. Kalmar da yayata ta miƙa hannu tana jira ba ta samu ba, Ka haɗa su a Aljanna ya faɗa mata. Amin.