Hoton da Na Ɗinka a Cikin Hannun Riga

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina taka keken ɗinki a Dutse Uku, cikin garin Jos. Rigunan da suka bi ta hannuna ban san adadinsu ba, amma akwai guda ɗaya da ba za ta taɓa fita daga raina ba har in koma ga Allah. Bubu ce ta atamfar jam'iyya, na ɗinka ta a wani lokacin zaɓe, kuma ita ta raba ni da matar da na fi kusa da ita a duniya.

Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ta girme ni da 'yan shekaru, don haka Yaya nake ce mata. Ita ta zauna da ni a asibiti a haihuwata ta fari, ita ta riƙe ni ranar da maigidana ya rasu. Mace ce mai baki da jama'a, irin wadda idan ta shiga gidan biki sai kowa ya san ta iso. Da wannan bakin nata ta zama shugabar matan jam'iyyarsu a mazaɓarmu, kuma ta ɗauki abin da zafi kamar gadon gidansu. Ni kuwa siyasa ba ta gabana. Abin da na sani kawai, lokacin zaɓe lokacin ɗinki ne.

A nan ne laifina na farko yake. Manyan jam'iyyu biyu ne suke ja-in-ja a unguwar, kowacce ta buga atamfa da hoton ɗan takararta tana raba wa mata. Gabar ta yi tsanani a wannan shekarar, har matan da suke adashe ɗaya suka daina gaisawa. Kowane ɓangare ya ce telan da ke ɗinka wa abokan hamayya ba zai taɓa musu kaya ba. Ni kuma marayu huɗu nake ciyarwa. Sai na riƙa karɓa daga ko'ina, kowa ya tambaye ni in ce masa nasu kaɗai nake yi. Idan matan wannan ɓangare za su zo, in tura atamfar wancan ƙarƙashin gado. Har Yaya ban gaya wa ba. A lokacin wayo nake ganin ina yi.

Ana saura kwana biyu a yi babban gangami ta shigo da turminta a hammata.

"Ƙanwata, ajiye duk abin da kike yi," in ji ta. "Bubu nake so mai faɗin hannu, wadda in na ɗaga hannu a kan dandamali za a hango ni daga Tina Junction. Kuma ki sa mata shafi. Wannan atamfar tasu shara-shara ce, sanyin Jos ba zai bar ni ba."

Na ce, "Yaya, ke da za ki yi ta ihu, ina za ki ji sanyi?"

Ta kai mini dukan wasa a kafaɗa ta fita tana dariya.

Shafi shi ne yadin da ake sawa daga ciki don riga ta yi kauri. Da na duba, nawa bai isa ba, ya rufe jikin rigar amma bai kai hannuwa ba. Na aika shagon matar da nake saya a wurinta, wata 'yar kabilar Ibo mai kirki, aka ce ta kulle ta tafi garinsu sai bayan zaɓe, kamar yadda da yawansu suke yi idan gari ya fara ɗaukar zafi. Shiga kasuwa kuma zai cinye mini yini guda, ga ɗinki jibge. Sai na jawo buhun ƙyallayena. Duk tela yana da irin wannan buhu, ba ma zubar da ragowar yadi, da shi muke aljihu, da shi muke cike shafi. Ƙyallen da ya yi daidai da faɗin hannun, na atamfar ɗaya jam'iyyar ne. Na gan shi sarai, har da hoton mutumin yana murmushi. Na ce a raina, wa yake leƙa cikin hannun riga? Na shimfiɗa na taka.

Ranar gangamin na bi ta, don ta ce dole in zo in ga aikina a jikinta. Jama'a sun cika hanya, lasifika na tashi, 'yan talla na kutsawa. Da aka ba ta abin magana, ta yi ta zuba yadda ta saba, mata na guɗa. Can ta ɗaga hannun dama sama za ta ja taken jam'iyya. Faffaɗan hannun bubun ya zame zuwa kafaɗarta ya juye, sai ga fuskar abokin hamayya a fili, a gaban ɗan takararsu da duk manyansu. Ita ba ta ma lura ba, ta ci gaba da kaɗa hannu. Ina daga ƙasa na ga wayoyi suna ɗagowa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin la'asar hoton ya zaga gari. 'Yan hamayya suka mai da shi abin tsokana, suna cewa ko shugabar matan can ta san inda nasara take. 'Yan jam'iyyarta kuma suka ce ai dama an saye ta, alama ce aka ba ta ta sa don waɗanda suka saye ta su tabbatar. Wata ta rantse ta ga motar 'yan hamayya a ƙofar gidanta. Wata ta ce buhun shinkafa goma aka sauke mata. Matar da ta yi shekaru tana yawo gida-gida da ƙafarta saboda su, a yini ɗaya ta zama maciya amana.

Washegari da hantsi ta shigo ɗakina da rigar a hannu. Ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ta juya hannun rigar ta ajiye a kan keken.

"Kina yi musu ɗinki ashe."

Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, saboda yara ne. Wallahi ban yi da nufi ba."

"Na sani. Da nufi ne da ba haka zan shigo ba." Sannan ta ce, "Jibi kwamiti zai zauna a kaina a ofishin mazaɓa, ƙarfe huɗu. Ki zo ki faɗa musu yadda aka yi. Ni in na faɗa za su ce kare kaina nake yi. Daga bakinki za su yarda."

Na ce zan zo. Har da cewa in Allah ya yarda ni zan riga ta isa.

Kwana biyun nan ban yi tunanin komai ba sai kaina. In na tsaya gaban mutane na ce ni ce, na tona cewa kowa na yi wa ƙarya. Wannan ɓangare zai bar ni, wancan ma zai bar ni. Ga samarin jam'iyya da idonsu ya rufe, an ce sun yayyaga rumfar wani mai shayi don kawai ya manna hoton da ba nasu ba. Ranar ta zo, na yi wanka, na sa hijabi, na kai har bakin ƙofa. Sai na dawo na tura ƙyaure na sa sakata. Na zauna a kan keke da hijabin a jikina ina kallon agogon bango, huɗu ta wuce, biyar ta wuce. Ban taka ko zare ɗaya ba. Da aka kira magariba na ji ƙarar ƙofar gidanta, ta shiga ita kaɗai.

An cire ta. Daga baya na ji cewa sun yi ta matsa mata ta faɗi wanda ya ɗinka rigar, ta ƙi. Cewa ta yi rigarta ce, ita ta sa, ita za a tambaya.

Ba ta taɓa zagina ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Idan mun haɗu a hanya za ta ce, "Ina kwana," in ce, "Lafiya lau, Yaya," shi ke nan. Amma ta daina shigowa. Matan da suke cika gidanta suka watse, sai ya zama tana can ita kaɗai, ina nan ni kaɗai, ina jin motsin tsintsiyarta da tarinta ta bayan katanga. Asirina ya rufu, ɗinki bai yanke mini ba, mata suna shigowa suna zaginta a gabana ina auna su da tef. Ban taɓa jin kaɗaici irin na waɗannan watanni ba, ko a takabata, domin a takaba ita tana gefena.

Aka yi zaɓe aka gama. Ba a yi wata uku ba, sai ɗan takarar da ya faɗi ya koma jam'iyyar wanda ya ci, aka buga hotonsu sun rungumi juna. A ranar da na ga hoton zuciyata ta kasa ɗauka, na tafi wurin ciyaman na mazaɓa na zayyana masa komai ina kuka. Ya saurare ni yana danna waya, sannan ya yi dariya.

"Haba Hajiya, wa yake wannan maganar yanzu? Ai duk mun zama ɗaya. Ki je abinki, ba komai."

Kujerar kuwa an riga an ba wata, ba wanda ya ko tuna a mayar mata.

Kafin shekara ta zagayo ta tashi ta koma unguwar Congo-Russia wurin babban ɗanta. Sai da na yi wata biyu ina ɗaura niyya ina kwancewa, sannan na je. Ta karɓe ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na ce na zo neman gafara, ni na jawo aka raba ta da kujerarta.

Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, kujera ba ta dame ni ba, kuma rigar ma ba ta dame ni ba, kowane tela yana kuskure. Awa biyu na yi a ofishin nan suna magana, ban ji rabin abin da suke faɗa ba. Ƙofa nake kallo. Duk wadda ta gifta da hijabi sai in ce ga ta nan."

Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Muna gaisawa har yau, ranar salla ina zuwa. Amma ba ta sake kawo mini ɗinki ba, ni ma ban taɓa samun bakin tambaya ba.

Abin da na koya shi ne, kuskuren hannu ba ya kashe zumunci, mutane suna yafe shi tun kafin ka roƙa. Abin da ke kashe shi, mutum ya dogara da kai a ranar da ba shi da kowa, kai kuma ka zaɓi rufin asirinka. Gaskiyar da na kai wa ciyaman ita ce dai wadda Yaya ta roƙe ni, kalma ɗaya ban canza ba. Ƙarfe huɗu na wannan ranar take da amfani, ni kuwa a lokacin ina bayan ƙyaure da hijabi a jikina.