Layin Ƙarshe a Takardar Malama Tambaya

Ranar Talata, tara ga watan Maris, ana tsakiyar darasi na biyu, mijinki ya kira ni ya ce Allah Ya yi miki rasuwa a asibiti, zuciya ce ta tsaya. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Na daskare a ƙofar ofis da waya a hannu, ina jiyo surutun 'yan ajinki daga saman bene, suna jiran ki hawo.

Shekara shida kina riƙe da aji huɗu a makarantar da nake shugabanta. Yara ne suka laƙaba miki Malama Tambaya, sunan ya bi ki har mu manya muka ɗauka. Ke kika koya musu tsara takardar jin ra'ayi a kan ajinsu: su zauna rukuni-rukuni su fito da tambayoyi, su raba, su tattaro, su ƙirga amsoshin a allo. Na taɓa leƙawa na tarar wata yarinya ta rubuta, "Ba gaskiya ba ne monita mugu ne?" Kika yi dariya har da dafe ƙirji, kika ce ai ta riga ta amsa wa mutane, ta koma ta sake.

Dokoki biyu ne ba kya ɗaga ƙafa a kansu. Kada kowa ya rubuta sunansa, don mai kunya ma ya samu bakin magana. Sannan a bar layi ɗaya a ƙarshe: "Akwai abin da ba mu tambaya ba?" Ta wannan layin kika gano yara bakwai ba sa ganin allo daga baya, kika dawo da su gaba. Ta nan kika gano akwai wadda ba mai wasa da ita lokacin tara, kika bi a hankali har kika gane ta, kika sauya mata wurin zama ba wanda ya san dalili.

Zangon da ya wuce yaran suka ce ai malamai ma 'yan ajin ne, suka ba duk mai shiga wurinsu takarda. Kika haɗo duka a koren fayil kika kawo mini. Lokacin kaina ya ɗau zafi da shirin zuwan masu duba makarantu, na ce ki ajiye zan duba. Wannan "zan duba" tawa, duk makarantar an san inda take ƙarewa, cikin durowa. Sau biyu kika dawo. Na biyun ne ya tsaya mini a rai.

"Hajiya, kin samu kin duba takardun yaran nan? Har da na malamai fa."

"Ke dai da tambaya, ƙanwata. Bari in gama da manyan takardu tukuna."

Kika yi murmushi, kika ce Allah Ya ba da iko, kika nufi bene. Na hango ki kin tsaya a tsakiyar matakala riƙe da ƙarfen gefe, wallahi na ɗauka wani kike jira.

Kwana uku bayan jana'izarki na buɗe fayil ɗin. Cikin takardun malamai akwai ɗaya, ba suna kamar sauran, amma shekara shida ina sa hannu a littafin darasinki, yaya zan kasa gane rubutunki? A layin ƙarshe kin rubuta: "Hawa bene yana yanke mini numfashi. Da za a taimaka a mai da aji huɗu ƙasa."

Kunya ta hana ki faɗa mini ido da ido, sai kika bi hanyar da kika buɗe wa yara, ni kuma na rufe ta da makulli. Na san ajali ba ya wuce ranarsa. Amma wata uku kina hawa matakala ashirin da biyu sau huɗu a yini, ga ɗakin ajiya a ƙasa babu komai ciki sai karyayyun kujeru. Wannan laifina ne, ba ni da wanda zan ɗora wa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sauƙaƙa miki tambaya kamar yadda kika sauƙaƙa wa yara. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, da 'ya'yanki mata biyu, da mahaifiyarki, Allah Ya ba su haƙuri. Na gaya musu komai, sun ce sun yafe. Ke ce ban samu na roƙa ba.

Jiya muka sauko da ajinki ƙasa. Yaran da kansu suka kwaso bencinansu. Ƙanwata, aikin ko rabin awa bai kai ba.