Ranar da Baba ya saya ba ciniki

A gidanmu na Soron Ɗinki da allura aka san mu. Baba ya gaji aikin babbar riga daga kakanmu, har da wani zane na wuya da babu mai yinsa sai gidanmu. Da idonsa ya fara rauni, hankalina ya tashi, don zanen bai rage ko'ina ba sai a kansa da jikin wata tsohuwar rigar kaka da ta fara cinyewa. Na dage a sayi kwamfuta mai ƙarfi in kwafe shi, keken zamani ya riƙa ɗinkawa.

Da ƙyar ya yarda, amma ya ce shi zai zaɓa, tunda aljihunsa ne. Mai shagon kwamfutar ɗan abokinsa ne, sai ya ce mu tafi da guda biyu gida mu gwada. Ɗaya ƙatuwa ce 'yar gwanjo, ga araha. Ɗayar ƙarama, kuɗinta kuwa sai da Baba ya yi salati.

Baba keken ɗinki ya iya saye, don haka ya ɗaga kowacce ya ji nauyinta, ya kara kunne. Ƙatuwar na kunnuwa ta kama gurnani kamar injin markaɗe.

"Ka ji ƙarfe!" in ji shi. "Waccan ko tari ba ta yi, me za ta iya?"

"Baba, ba a auna ta da kunne."

"Kai dai tsada ke burge ka, tun kana yaro."

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Na ɗauki hoton rigar kaka, na zuba wa kowacce a zaure, maƙwabta sun cika ƙofa suna kallo. Ƙatuwar ta buɗe hoton tana nishi, na ce ta matso da shi kusa, sai ta sandare. Baba ya ce hutawa take, a bar ta. Aka kwashe da dariya.

Ƙaramar kuwa ina taɓawa ta kawo zanen gaba, zare ɗaya ya yi kaurin yatsa. Baba ya daina zolaya. Ya jawo kujera har hancinsa na neman taɓa gilashin.

"Ƙara matso da nan."

Na ƙara. Ya bi layin da ɗan yatsa, ya tsaya a wani lungu inda zaren ya karkace.

"Nan ni na yi," ya ce a hankali. "Ranar da kakanka ya fara ba ni allura. Ashe bai warware ba."

Ni dai daɗi ya cika ni. Mai shagon ya iso da yamma, ya gyara zama don ciniki, ya san halin Baba sarai, mutumin da ko albasa sai ya taya. Ya faɗi kuɗin ƙaramar yana jiran a ce ya rage.

Baba bai ko waiwayo ba. "Na saya," ya ce. "Kai kuma matso min da hannun rigar."